Yatsun Inna

Shekara goma sha tara Inna tana wanke zannuwan gadon asibitin unguwarmu, amma ranar da na raka ta karɓar maganin hawan jini, sai na'ura ta ce ba ta san ta ba.

Sabon tsari suka kawo: ka ɗora yatsa a kan ɗan gilashi, sunanka ya fito a kwamfuta, sannan a ba ka magani. Inna ta ɗora babban yatsa, jar wuta ta kama. Ta bi goman nan kaf, tana yi tana goge su a gefen zani. Duk ja.

Mai rajista ya juya tafin hannunta. "Mama, zanen yatsunki ya shafe. Sabulu da bilic sun cinye shi."

"Bilic ɗin wa?" na ce. "Labulen da ke bayanka wa ya wanke shi?"

"Ni na san ta, 'yar'uwa, na'ura ce ba ta san ta ba. Ta huta da wanki mako biyu, zanen zai dawo."

Mako biyu! Ƙwaya uku ta rage mata, ga jiri na ɗibarta tun safe. Raina ya ɓaci. Wani tsoho mai buga bulo da ke bayanmu ya gwada nasa yatsun, shi ma aka sallame shi hannu rabbana.

Inna ta ja hannuna. "Mu je gida. Ai an ce in huta."

Ta kuwa huta. Rana ta uku, da ƙwayar ƙarshe a cikinta, sai ga babbar nas a ƙofar gidanmu tana haki. Wanki ya taru, ɗakin haihuwa babu abin shimfiɗawa.

Inna ta ɗaga mata hannuwa. "Ranki ya daɗe, yatsu nake reno. Saura kwana goma sha ɗaya."

Nas ta zuge jaka, ta ajiye maganin wata guda a kan tabarma. Ba gilashi, ba jar wuta. Ashe akwai takardar da ake cikewa idan yatsa ya ƙi, ƙyuyar cike ta ce kawai ta hana su. Wallahi ji na yi kamar in watsa mata ruwan wanki.

Inna ta damƙe maganin, sannan ta ce, "Mai bulon da kuka kora a bayana fa?"

"Wane mai bulo?" in ji nas.

Da gaske ba ta san shi ba. Shi bai taɓa wanke musu komai ba.