Hannu a Kan Tsohuwa

Brisa ta sake sakin totur a daidai bakin tudun yashin. Babur mai ƙafa huɗun ya dungura da hanci, ƙirjinta ya daki ƙarfe, ta tashi tana tofar da yashi.

"Wa ya ce ki ɗaga yatsa?" yayanta Nahuel ya daka mata tsawa daga bayan a-kori-kura, inda aka ɗaure masa kekensa na guragu. "Kina ɗagawa hanci zai yi ƙasa. Miƙe tsaye, saki gwiwa, ido a inda za ki sauka. Wannan ɗan tudun ma da kaza za ta tsallake?"

"Yatsan ne ke tashi da kansa, Yaya."

"To ki gaya masa ya zauna."

Tsoro take ji, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Duk lokacin da ta tunkari bakin tudu ta ga babu komai a gabanta sai sama, yatsanta tashi yake yi daga kan totur. Amma idan ta waiwaya ta ga ƙafafun Nahuel a cikin bargo, sirara kamar sandunan tsintsiya, sai wani abu mai zafi ya taso ya danne tsoron.

A tuddan yashin da ke arewa da garin Pinamar na bakin teku, ba a tsallake babban tudu sai da mai tsaro, don mai tahowa daga ƙasa ba ya ganin kwarin da ke baya, kuma ta nan motocin 'yan yawon buɗe ido ke ratsawa. Mai tsaro yakan hau can ƙoli ya duba. In ya ɗaga hannu, hanya ta buɗe. Wanda kuwa ya tsaya maka, dole ka tsaya masa. Ranar da Nahuel ya hau tudun da ake kira Tsohuwa, amininsa Tadeo ne a sama, yana washe wa wata baƙuwa baki. Ya ɗaga hannu bai ko juya ba. Nahuel ya sauka a kan wata mota, bayansa ya karye. Kafin motar asibiti ta iso, Tadeo ya gama rantsuwa cewa shi bai ɗaga komai ba, Nahuel ne ya yi gaban kansa. Brisa tana ƙasa riƙe da ƙoƙon shayin mate, ta ga hannun da idonta. Aka ce ƙanwa ce, me za ta ce dama?

Tun daga ranar take kwana da abu ɗaya ta tashi da shi: ita ma ta tsaya a kan Tsohuwa, Tadeo a ƙasa, mota na tahowa a kwari, ta ɗaga masa hannu.

"Brisa," in ji Nahuel, yana kallonta ta gefen ido, "me kike ƙullawa ne?"

"Tsalle nake koyo, Yaya. Ba kai ka ce in koya ba?"

Ta sake hawa. Karon nan ta danne totur ɗin kamar wuyan wani ne a ƙarƙashin yatsanta, babur ɗin ya tashi ya sauka da ƙafafunsa huɗu lafiya lau. Ta maimaita har tafin hannunta ya yi kanta.

Da la'asar jama'ar da ke zuwa duk Lahadi suka taru a gindin Tsohuwa. Baba Efraín, tsohon makanikin da duk yaran wurin suka koyi hawa a hannunsa, yana juya nama a kan garwashi. Tadeo kuwa na zaune a kan jan babur ɗinsa da sabon tabarau, baƙi na ɗaukarsa hoto, domin tun da Nahuel ya kwanta shi ke rufe yini da tsallen Tsohuwa. Brisa ta tsayar da tsohon babur ɗin yayanta daf da nasa.

"A'a, 'yar ƙanwata!" Tadeo ya buɗe hannuwa. "An kawo mana mate ne?"

"Tsohuwa zan tsallake. Kai za ka tsaya mini."

Samari suka kwashe da dariya. Wani ya ce a kira motar asibiti tun yanzu, a rage mata hanya.

"Ke yarinya, gida ɗaya keke biyu?" in ji Tadeo. "Ki tausaya wa mamanku mana."

"Tsoron tsayawa kake yi? Hannu kawai za ka ɗaga. Ai ka iya."

Dariyar ta ɗauke. Baba Efraín ya ajiye cokalin gashinsa ya goge hannu a riga.

"An roƙe ka, ɗana. Hau ka tsaya mata. In ta sauka, ita za ta tsaya maka. Haka muka tarar ana yi."

Tadeo ya hau da ƙafa yana ƙunƙuni. A can sama ya duba kwarin, ya sake dubawa, ya kuma dubawa, saboda idon gari duka yana kansa. Sannan ya ɗaga hannu.

Brisa ta kalli hannun nan. Shi ne dai hannun, da agogon da komai. A kan wannan hannun za ta jefa kanta cikin abin da ba ta gani. Ta ji fitsari ya kama ta, ta ji kamar ta cire hular kwano ta ce wasa take yi. Sai muryar Nahuel ta ratso ƙarar injina: "Yatsa, Brisa!"

Ta danna. Tudun ya taso mata kamar bango, ta miƙe tsaye, ta saki gwiwa. A bakin ƙolin yatsan ya so tashi, ta zage shi da ƙarfi ta ƙara dannawa. Ƙasa ta ɓace. Ta hango teku shuɗi a dama, ta hango gangaren fayau a ƙasa, ta kafa masa ido. Babur ɗin ya dira, ya girgiza, ya miƙe. Ihun da ta yi a cikin hular ba wanda ya ji sai ita.

Ta zagayo, ta hau ƙolin da ƙafa. Suka yi kiciɓis da Tadeo yana saukowa.

"Brisa," ya ce a hankali, ba dariya yanzu, "abin da ya wuce ai ya wuce, ko?"

"Je ka hau. Baƙinka na jira."

Daga sama komai a fili yake. Tadeo a ƙasa ya ta da injin yana ba shi wuta. A bayanta kuma, kamar an aiko, ga wata farar mota ta shigo kwarin tana tafe a hankali. Abin da ta yi ta mafarki ke nan. Kafaɗarta ta motsa da kanta. Ta ƙi jinin mutumin nan har cikin ƙashinta, tana so ta ji ƙarar karyewar bayansa.

Sai ta lura ya cire tabarau. Ya rage wutar injin, ya karkata kai yana saurare. Iskar teku ta kai masa ƙugin motar. Ita da ta fito daga gindin tudun nan yanzu-yanzu, ta san abin da mutum ke ji in yana kallon hannun da bai yarda da shi ba. Ta bar hannunta a ƙasa. Motar ta ratsa, ta wuce, ta sha kwana a bayan wani tudu, ƙuginta na nan bai gushe ba. Brisa ta duba kwarin da kyau, babu ko kare. Ta ɗaga hannu sama sosai, tana yi masa murmushi.

Tadeo ya taso da gudu. Ya ci rabin tudun, idonsa a kan fuskarta. Sai ƙarar injin ta faɗi. Ya damƙe birki, jan babur ɗin ya tsaya cak, ya zame da baya, ya kife da shi a cikin yashi a gaban masu ɗaukar hoto.

"Akwai mota!" ya yi ihu yana rarrafe. "Na ji ta! So take ta kashe ni!"

Baba Efraín ya hau tudun da kansa yana haki, ya leƙa, ya juyo.

"Fayau yake, ɗana." Ya dubi Tadeo. "Me ka yi mata da za ta so kashe ka?"

Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka fara waiwayen a-kori-kurar da Nahuel ke zaune. Tadeo ya miƙe, yashi na zuba daga gashinsa.

Brisa ba ta sauke hannun ba.

"Tadeo," ta kira shi daga sama, "za ka zo ko ba za ka zo ba? Hannuna ya fara gajiya."