Ledar Jinin Yisa

Ledar jinin tana da sauran ɗumi a hannun Sista Rhoda sa'ad da idonta ya faɗa kan sunan da aka rubuta a jiki. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta leƙa ta taga. Ga shi can a baranda, auduga manne a gwiwar hannu, yana kurɓar maltina kamar wanda ya gama aikin lada. Yisa ne.

Dokar asibitin ita ce duk mai bukatar jini ya kawo ɗan'uwansa ya bayar. Saboda haka bakin ƙofar asibitin bai taɓa rabuwa da 'yan'uwa na haya ba, kuma Yisa ne shugabansu. A shekarar nan ta 2008 kaɗai ya zama ƙanen wata Bagwariya daga Maikunkele, ya zama yayan wani mai sayar da taya, yau kuma ga shi ɗan'uwan Aishatu, Bafulatana mai tallan nono daga bayan Tagwai, wadda ta haihu da hantsi jini ya ƙi tsayawa. Abin dariya ne, in da Rhoda ba ta san abin da ta sani ba. Shekara biyu da suka wuce, a ɗakin maza, ita da hannunta ta miƙa wa Yisa takardar da ta nuna yana ɗauke da ciwon hanta nau'in C.

Ta juya ta dubi gadon. Leɓen Aishatu ya yi fari fat. Mijinta Kawu yana tsaye da sandarsa a bakin ƙofa, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. An gwada nasa jinin bai dace ba, danginsa kuwa suna can gaba da Kagara da shanu.

* * *

Da gudu ta isa ɗakin gwaji. Sheshi, mai gwajin jini, bai ko ɗago kai ba. Ya ce ya duba ƙanjamau, ya duba nau'in B, duka lafiya lau. Ta tambaye shi na C fa? Nan ya ajiye biro, ya gaya mata abin da kowa ya sani amma ba mai faɗa: kayan gwajin C sun ƙare tun kafin babbar Sallah, ya rubuta wa na sama sau uku, shiru.

“To, ka buga hatimin an gwada?”

“Sista, hatimi ɗaya aka ba ni. In ban buga ba, ba a sa jinin. In ba a sa ba, mutum ya mutu a kaina.”

Ranta ya ɓaci, amma ba ta da lokacin faɗa. Ta dire masa ledar a kan tebur, ta ce ya zubar da ita, mai jinin yana da cutar. Ya ce to.

Likita Gimba bai ɓoye mata komai ba. Ya ce matar nan ba za ta kai azahar ba. Ciwon hanta sai ya yi shekaru kafin ya kayar da mutum, zubar jini kuwa awa guda ya ishe shi. In ba wani jinin, a dawo da na Yisa a ɗaura.

Rhoda ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya tana neman mai ba da jini. Favour ta ce tana azumin coci. Zakiyya ta ce jiri take ji tun safe. Ba wadda ta dube ta a ido, ita ma ba ta ga laifinsu ba. Babu ɗaya a cikinsu da allurar mara lafiya ba ta taɓa soka ba wajen mayar mata da murfi. Abin da suka saba shi ne a matse yatsa, a wanke da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, a ce Allah ya tsare, a koma aiki. Ba jinin suke rowa ba, tsoron abin da gwaji zai tono suke yi.

Ita kanta ta daina ƙirga nata sukan tun shekararta ta biyar a aiki. Tsoro ya kama ta sosai. Amma rukunin jininta ɗaya da na Aishatu. Na Yisa ta tabbata da cuta a ciki, nata kuwa ba ta sani ba, kuma babu abin da zai sanar da ita a ginin nan. Ta koma wurin Sheshi, ta nannaɗe hannun riga ta kwanta.

* * *

Wajen la'asar Aishatu ta buɗe ido ta nemi jaririnta. Kawu ya durƙusa a gaban Rhoda yana ta sa albarka, rabi Hausa rabi Fulatanci.

“Sista, yanzu ke jininmu ce.”

Ta yi murmushin dole. Ta so ta ce masa ya kai matarsa wani babban asibiti a gwada ta bayan wata shida, ta rasa ta inda za ta fara, ta bar shi sai gobe.

Tana ɗaura ɗankwalin tafiya gida hankalinta ya ƙi kwanciya, sai ta biya ɗakin gwaji. Sheshi ya tashi tun ƙarfe biyu. Wanda ya karɓe shi, Ndaceko, ya ce ba a bar masa saƙon komai ba. Ya dai tarar da leda ɗaya a firij da hatimin gwaji a jiki, kuma ya ji daɗin samunta, don ɗakin yara sun aiko neman jini ido rufe.

Rhoda ba ta san yadda ta ƙetare filin asibitin ba. A gado na huɗu wata yarinya mai ciwon sikila tana kwance, fuskarta ta fara dawowa daidai. Uwarta ta miƙe da fara'a, ta kama hannun Rhoda da hannu biyu, ta ce Allah ya saka wa duk wanda ya ba da jinin nan.

Rhoda ta ɗaga kai ta dubi ledar da ke rataye a ƙarfe, da sunan Yisa a jiki. Jinin ya riga ya ƙare, sai ɗan ja-ja da ya rage a cikin robar.