Ranar da Tsibirin Kaiwa Ya Daina Ɓuya

Jirgin Bature bai kai tsakiyar gulbi ba tsohuwa Kulu ta fara dukan turmi. Turmin babu komai a ciki, kuma duk wanda aka haifa a Tsibirin Kaiwa ya san ƙarar taɓarya a turmin da babu hatsi, ya san baƙin hukuma ne ke tafe. Maccido, mai garin, yana tsaye a mashigi yana gyara rawani, bai ko waiwaya ba. Ya san abin da ke faruwa a bayansa. Samari sun yar da lauje a gonakin shinkafa, makiyaya sun kora shanu cikin ciyawar fadama, matan aure masu ƙuruciya sun saɓi 'ya'ya sun bi ta bayan danga. Kafin jirgi ya taɓa gaɓa, garin ya koma na tsofaffi da awaki.

Tsibirin yana inda Gulbin Zamfara ya rabu biyu, hannu ɗaya ya bi ta arewa wajen ƙasar Tambuwal, ɗaya ta kudu wajen Kebbe, sannan suka sake haɗuwa can ƙasa. Abin da suka bari a tsakani dogo ne siriri kamar tafin takalmi. A kansa, inda tudu yake da itatuwan kaiwa, Fulanin gida ne da shanunsu, dangin Maccido. A tsakiya manoman shinkafa. A wutsiya, inda ruwa ke gutsurar ƙasa kowace damina, masunta. Kewaye da su duka kuwa ciyawar iwa ce da gumbi mai ƙaya, kurmin da ko kare sai ya yi shawara kafin ya shiga.

Kakan Maccido ne ya fara kafa bukka a nan, zamanin yaƙe-yaƙen Kabawa. Ya ƙetaro da damina riƙe da wutsiyar saniya, mahara suka tsaya a hayi suna zaginsa. Tun daga ranar babbar sana'ar garin ɓuya ce, noma da kiwo da su suna biye. Sun ɓuya wa mahara, sun ɓuya wa masu jangali, yanzu kuma da Turawa ke yaƙi da Jamus suna ɓuya wa ɗiban gwamna, wato kwasar samari da ake yi a kai su haƙar kuza can Jos. Waɗanda aka ɗiba daga garin Fakku bara, wasu sun dawo da tarin da ba ya jin magani, wasu ko labarinsu bai dawo ba. Duk wanda ya tambayi Maccido yawan mutanensa, amsarsa ɗaya ce, ba su da yawa. In ka biye wa bakinsa, garin ya yi shekara da shekaru yana mutuwa, alhali wanzamin garin bai taɓa yin mako bai ci naman suna ba.

Baturen dogo ne, rana ta dafa masa wuya ya yi ja. Tare da shi akwai dogarai biyu da Namadi, jakadan uban ƙasa, wanda shi ke yin tafinta. Maccido ya faɗi ya yi gaisuwa, ya shiga gaba aka zaga gari. Tsofaffi suka yi aikinsu yadda suka saba, kowa na tari fiye da bukatarsa. Ɗangiwa, shugaban masunta kuma abokin wasan Maccido tun suna yara, ya fito yana ɗingishi da ƙafar da da safe ya hau giginya da ita.

Abin da ya fara ba Maccido tsoro shi ne Baturen bai tambayi shanu ba, bai tambayi haraji ba. Mashaya ya nufa kai tsaye. Ya tsaya yana kallon kurmin gumbi, ya kai hannu ya mare wani ƙuda a damtsensa, ya nuna wa Namadi a tafin hannu, ya yi magana mai tsawo.

Namadi ya juya maganar. Tsando ne, in ji Bature, shi ke kawo ciwon barci, kuma a inuwar kurmin bakin ruwa yake kwana. Doka ta fito, kowane gari na bakin gulbi ya sare kurmin mashayarsa da mashiginsa, ya kuma riƙa sarewa duk shekara. To shi ya zaga tsibirin nan, bai ga mai iya ɗaga gatari ba. Garin da ba shi da majiya ƙarfi ba za a bar shi ƙuda ya ƙarasa shi ba. Bayan an cire amfanin gona za a kwashe su a kai su hayi, bakin hanyar Dogon Daji, a sa wa bukkokin wuta don kada wani ya dawo.

Da tausayi Baturen ya faɗa, har da dafa kafaɗar Ɗangiwa. Wannan tausayin ya fi komai yi wa Maccido zafi. Da ƙarya suka tsare garin nan tun kaka da kakanni, yau ga shi an yarda da ƙaryar ɗari bisa ɗari.

Aka shimfiɗa wa Bature tebur a gindin kaiwa zai ci abinci. Namadi ya ja Maccido gefe, ya ce masa da an gama cin nan za su ƙetare kafin la'asar, kuma da zarar jirgi ya bar gaɓa magana ta zama hukunci.

"Ni na san garinga ba na tsofaffi ba na," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Na sha furar sunan ɗiyanku. Amma ka sani, uban ƙasa ya aza min neman mutanen kuza. In sunka fito, ba ni iya rumtse ido gaban Bature."

Maccido ya tara dattawa bayan masallaci. Ba a daɗe ba aka rabu biyu. Na'iya, babban manomin tsakiya mai samari cike da gida, ya ce gara a tashi, ƙasa ko'ina ƙasa ce, amma ɗa in ya shiga ramin kuza sai yadda Allah ya yi. Wasu suka ce kaburburan iyaye fa, da fadamar da ko fari ake yi sai ta ba da shinkafa? A hayi wa zai ba su ko taki ɗaya na irinta, tun da kowane saƙo na da mai shi? Ɗangiwa, wanda ɗingishinsa ya warke nan take, ya dubi Maccido.

"Kai Bahillace, saniyarka da ƙafafunta, ka kora ta tafi. Ni gulbi nika korawa zuwa Dogon Daji?"

Maccido ya ce shi ya yanke shawara. Ba a hannunsa garin nan zai mutu ba. In an ɗibi wasu, wasu za su rage, kuma waɗanda suka tafi za su san inda za su dawo. In aka ƙone gari, kowa ya tafi ke nan, har wanda ba a haifa ba. A fito da mutane.

Nan fa aka gano wani abu da ba wanda ya taɓa lura da shi. Garin yana da alamar ɓuya, ba shi da alamar fitowa. Ba a taɓa bukatarta ba, don kowa yakan fito ne da kansa in ya hangi jirgin baƙi ya koma hayi. Aka tambayi Kulu, ta ce ita turminta magana ɗaya ya iya. Aka sa mai shela ya zaga gefen kurmi yana cewa mai gari ya ce a fito, ko ganye bai motsa ba. Dama haka aka hore su tun suna ƙanana, ko sun ji shela kada su amsa, don dogarai kan tsare mai shela da bulala su sa shi kira. Murya ɗaya kawai yaro zai amsa, ta ubansa, in ya kira shi da sunansa.

Cikin dattawan babu mai son ya zama na farkon da zai miƙa ɗansa.

"Kai am mai gari," in ji Na'iya. "Naka na ciki. Kira shi mu ji."

Cikin 'ya'yan Maccido ɗaya ne kawai ya isa ɗiba, sauran duk ƙanana ne, kuma shi ne ɗan farinsa. A wurin mutanensa uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Tun ranar da liman ya raɗa wa yaron suna, sunan bai taɓa fita daga bakin Maccido ba. In yana son sa, sai ya ce a kira wancan. Yanzu yaron har ya tara gemu, an ma sa ranar aurensa da kaka.

Ya miƙe ya nufi kan tsibiri, dattawa na biye da shi nesa-nesa. Hanya ta bi ta ƙofar gidansa. Hadijatu, uwar yaron, tana tsaye a bakin zaure, labari ya riga ya iso mata. Ita ma kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki, ba ta da ikon roƙo dominsa, sai ta roƙa wa na wasu.

"Malam, ka ji tausayin ɗiyan mutane. Hayi ma mutane ka kwana."

"Suna kwana," in ji shi. "Ƙasar wasu."

Bai tsaya ba, don ya san in ya tsaya ba zai wuce ba.

A bakin kurmi ya tuɓe takalma, ya tattare riga ya kutsa. Laka ta kama shi har gwiwa, ƙayar gumbi ta fizge masa rawani ya bar mata. Ya san wajen da samarin tudu ke laɓewa, shi ma can ya laɓe da ƙuruciyarsa. Ya tsaya ya ce, kai wancan, fito. Shiru. Ya ce, yaro, ni ne. Shiru, sai kukan kwaɗi. Ya san yaron na jin sa, ya kuma san ba zai fito ba, don tarbiyyar da ya ba shi ce ke aiki. Can baya ya jiyo ƙarar kwanonin Bature, da alama an fara kwashe tebur.

Kunya ta rufe shi, da tsoro, da wata ƙauna da bai taɓa yarda ta hau fuskarsa ba. Ya buɗe baki, sunan ya maƙale. Ya sake gwadawa.

"Attahiru."

A hankali ya fito, ko shi kansa da ƙyar ya ji. Ya cika ƙirji ya ɗaga murya yadda har masuntan wutsiya za su ji.

"Attahiru! Fito, ubanka ka kiran ka."

Iwa ta dare. Saurayin ya fito, laka har wuya, matsattsaku manne a ƙwaurinsa, idanunsa a waje. Ya ɗauka mutuwa aka yi.

"Baba, lafiya? Inna ta?"

"Lafiya lau take. Wuce gida ka ɗauko gatari, ka iske ni gindin kaiwa."

Na'iya ne ya fara bi, yana jero sunayen 'ya'yansa. Sai wani, sai wani. Kafin wani lokaci tsibirin ya ɗauka daga kai har wutsiya, iyaye maza tsaye cikin laka suna kiran sunaye, kurmi na amayo mutane.

Bature ya riga ya sa hularsa lokacin da suka fara isowa. Ya tsaya da kofi a hannu yana kallo. Samari riƙe da gatura da adduna, mata da goyo, 'yan mata, har shanu da ba wanda ya kira suka biyo masu su. Fili ya cika ya batse, wasu suka hau danga. Ya dubi Maccido, wanda ke tsaye ba rawani, riga duk laka, ya dubi Ɗangiwa da ke tsaye kyam a kan ƙafafu biyu. Ya yi wata magana gajeriya wadda Namadi ya ga bai kamata ya juya ba. Sannan ya yi doguwa. Gari zai zauna. Gobe a fara sara daga mashaya, zai aiko a duba.

Ba wanda ya yi guɗa, don kowa ya ga dogarai sun fara jera samari a layi. Namadi ya bi layin yana duba ƙirji da damtse, bai ɗaga ido ya kalli kowane uba ba. Da ya zo kan Attahiru sai ya wuce, ya dawo kusa da Maccido kamar mai gyara takalmi.

"Ɗan mai gari ba a ɗibar shi," ya raɗa masa. "Ko'ina haka aka yi. Ka ce ya koma gida."

Maccido ya so ya karɓa, Allah ya sani ya so. Ya ɗaga kai sai ya haɗa ido da Na'iya, wanda aka riga aka ware 'ya'yansa biyu gefe. Bayansa ga sauran iyaye, kowa da lakar kurmi a ƙafa, kowa a kan maganarsa ya kira nasa.

"Da shi za ka farawa," in ji Maccido.

Ɗangiwa ne ya tuƙa jirgin da ya ƙetare da samarin da aka ɗiba, bai yi wa kowa ba'a ba har ya je ya dawo. Maccido bai raka su mashigi ba, uba ba ya rakiyar ɗan fari. Gida ya koma. Ya tarar da Hadijatu zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, tsinta ɗaya take maimaitawa. Ba ta tambaye shi komai ba. Ya ɗebi ruwa ya fara wanke ƙafafunsa.

"Na jiyo ka har nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ashe ka riƙe sunan."

Gatarin da yaron ya ɗauko wani ya maido ya jingine a bakin zaure. Gobe Bature ya ce a fara sara, amma da sauran rana, kuma zaman gidan ya fi ƙarfin Maccido. Ya ɗauki gatarin ya nufi mashaya.