Ɗan Farin Aisatu

Aisatu ba don a raba ta da ɗanta ta je ofishin nan ba, don abinci ta je. Lokacin da Sirajuddeen ya sake ta, ta koma gidan goggonta a Barade da yaron, alƙali ya ɗora wa uban ci da sha da kuɗin makaranta, ya amsa da to har da rantsuwa. Watan farko ya aiko da shinkafa da man gyaɗa. Wata na biyu ya aiko da gaisuwa. Daga nan ko gaisuwar ma ta ɗauke. Aisatu ta yi ta taka keken ɗinki har ƙafafunta suka fara kumburi, da ta ga ɗinkin ba zai riƙe su ba, wata maƙwabciya ta nuna mata wani ofishi can wajen Mayo Gwoi, inda ake sasanta iyayen da suka rabu. Ta kai ƙorafinta, aka sa musu rana.

Ranar ta zo da Goggo Kande da yaron, Suhail, ɗan shekara bakwai, ɗan farinta kuma shi ke nan gare ta. Sirajuddeen ya riga su isowa, ya sha shadda sai ƙamshi yake, ga wansa Abbo a gefe. Ganin yaron ke da wuya ya zube gwiwa biyu a tsakiyar ofis ya ware hannuwa.

"Suhail! Suhail ɗina! Zo wajen Abbanka!"

Ya rungume shi, ya sumbaci goshinsa, ya zaro biskit daga aljihu ya buɗe masa da hannunsa. Mutumin da ya taɓa wuce yaron nan a bakin titi yana tafe da ƙafa cikin rana, bai ko rage gudun mashin ba! Aisatu ta zauna a ƙarshen benci, ta kau da kai wajen taga.

Ma'aikaciyar da ke sauraron su, Madam Rachael, ba muguwar mace ba ce. Daga can kudu aka canjo ta, ba ta daɗe a Jalingo ba, Hausarta ma a kasuwa ta tsince ta. Ta saurari Aisatu har ta kai ƙarshe, tana gyaɗa kai, sannan ta juya ga uban.

"Oga, don me kai ba ya ciyar da yaro?"

Sirajuddeen ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta.

"Madam, ni ban ƙi ciyar da ɗana ba. A gidana nake so in ciyar da shi. Ki duba da idonki mana. Tun da suka shigo kin ga ta kalle shi? Kin ji ta kira sunansa? Kai Suhail, wace ce waccan?"

"Adda ce," in ji yaron, bakinsa cike da biskit.

"Kin ji ko? Adda! Yaya ke nan da Fulatanci. Ko Mama ba ta yarda ya ce mata ba. Wannan matar ba ta son yaron nan, abincin kawai take so."

Abin haushin shi ne, duk abin da ya nuna haka yake. Aisatu ba ta taɓa kiran sunan Suhail ba. A gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗora shi a cinya manya na kallo. Haka mahaifiyarta ta yi wa yayanta, haka kakarta ta yi. In za ta kira shi sai ta ce "kai ɗin nan," in za ta yi zancensa sai ta ce "ɗan Goggo." Amma wa yake cire masa ƙayar kifi ya tura wa Goggo kwanon ta miƙa masa? Wa ya sayar da zannuwan aurensa lokacin da taifod ta kwantar da shi? Sirajuddeen ya sani sarai, a ɗaki ɗaya suka zauna. Ya san wannan kunyar tun yana ɗan mitsitsi, ya duba ya ga baƙuwa ce a kan kujera, shi ya sa ya ɗauko ta ya mai da ita sanda.

Madam Rachael ta dubi Aisatu da kyau.

"Mama, yaro naki, mene ne sunanta?"

Aisatu ta buɗe baki. Ga Goggo Kande a gefenta, ga Abbo, wan tsohon mijinta, a gabanta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Kin gani?" in ji Sirajuddeen a hankali.

Goggo Kande ta zabura. "Ke yarinya, useni, don Allah, tsaya ki ji. Ɗan fari ne. Mu ba mu faɗa. Kunya ne, al'ada ne, ba ƙi ba ne."

Madam ta juya ga Sirajuddeen, don shi ne mai Turanci a ɗakin. Ya yi dariya, ya karkaɗa hannu.

"Madam, ni ma Bafulatani ne. Wannan abin ya mutu tun zamanin kakanni. Yanzu wa yake yi? Fakewa kawai suke."

Aisatu ta ɗago. Ta san abin da yake nufi da gidansa. Ba Abbare zai kai yaron ba, inda yake haya. Ƙauyensu zai tura shi, wajen tsohuwarsa da ita kanta sai an dafa an ba ta, a cire shi daga makaranta, shi kuma ya huta da maganar ciyarwa har abada. Kuma yaron da ya shiga ƙauyen nan, fito da shi sai an yi shari'ar shekaru.

"To," in ji Madam Rachael, tana jawo biro. "Ni zan rubuta wa kotu abin da ido na ya gani. Kafin su zauna, yaro ya bi babansa yau."

"Hamma Abbo."

Muryar Aisatu ce, kuma ba a saba jin ta haka ba. Ta miƙe tsaye, ta dubi wan mijin ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka kai ta gidansu.

"Kai ne ɗan farin Inna. Gemunka ya yi furfura. Don girman Allah ka faɗa wa matar nan, Inna ta taɓa kiran sunanka?"

Abbo ya gyara hula. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi takalmansa.

"Ni rakiya kawai na yi," ya ce.

Rakiya! Dattijo guda, mai carbi a hannu, kalma ɗaya ta gagare shi. Ashe haka za su yi. Su suka koya mata kunyar, suka yaba mata a kanta, surukarta har tana cewa ta samu 'yar mutunci, yau kuma za su tsaya su ga an ƙwace mata ɗa da ita. Sirajuddeen har ya kama hannun yaron, yana lalubar makullin mashin.

Ta taka zuwa tsakiyar ofis. Goggo Kande ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Suhailu."

Sunan ya fito a karkace, kamar an fisgo shi. Yaron ya waiwayo ya dubi Goggo, ya dubi Madam, yana neman wanda ya kira shi. Sai da ta sake faɗa sannan ya gane bakin da ya fito. Biskit ɗin ya faɗi daga hannunsa.

Ta durƙusa ta janye shi daga hannun uban, ta zauna daɓas a kan siminti ta ɗora shi a cinya, a gaban Goggo, a gaban Abbo, a gaban kowa. Ta dubi Madam hawaye na zuba, ko sharewa ba ta yi ba.

"Sunansa Suhailu. Ni na haife shi. Ina son sa, ina son sa fiye da raina. Kin ji ko? Kun sa na tuɓe a gaban manyana, to rubuta wannan ma!"

Yaron ya sandare a jikinta. Bai san wannan Addar ba. Ya ɗago yana kallon fuskarta, sannan ya tambaya da 'yar ƙaramar murya, amma duk ɗakin aka ji.

"Adda, ba da ni za ki yi?"

Ya cusa hannuwa biyu cikin rigarta ya ƙanƙame, ya fashe da kukan da ya sa wani ma'aikaci leƙowa daga ofishin gefe. Sirajuddeen ya matso yana cewa shiri ne, an koya masa ne. Yaron ya ƙara shigewa jikin uwar yana ihu, shi ba ya zuwa, in don abinci ne ya daina cin nama, ya daina neman kuɗin tara na makaranta, shayi ma ba sai da madara ba, a bar shi wajen Adda.

Madam Rachael ta ajiye biron. Ta daɗe tana kallon shaddar Sirajuddeen.

"Oga, sake makulli ɗin nan," ta ce. "Zauna. Mu koma maganar abinci."

Aisatu ba ta ji ta ba. Bakinta na kan kunnen yaron, tana ta maimaita masa, "Wa ya ce ka daina? Wa ya ce maka ka daina ci?"