Muryar da Ke Cikin Tsohuwar Waya

Malam Zakiyyu ya kara wayar a kunne, ya shafa fuskarta da babban yatsa, muryar ta karanto masa saƙon ɗansa daga Kongolam, bakin iyakar Nijar: shanu sun haye lafiya. Ya yi murmushi. Shekara shida ke nan da ciwon suga ya tafi da idanunsa, huɗu kuma da 'yarsa Fadila, malamar kwamfuta, ta sa masa wannan manhaja mai karatu da Hausa. Da hanci muryar take magana kamar mai mura, amma ba ta taɓa kai sirrinsa zauren kowa ba. Don haka yake ƙaunarta.

Kyauta ce. Wani bawan Allah a wata ƙasa mai nisa ya rubuta ta, ya bar ta a buɗe kowa ya ɗauka ya gyara, har wasu ɗalibai suka koya mata Hausa. Malam bai san ko sunansa ba, amma kullum bayan la'asar sai ya sa masa albarka.

*

Ranar Laraba abokinsa Kalilu, shi ma makaho, ya iso Daura daga garin Babban Mutum da sabuwar waya, a sa masa irin manhajar Malam. Fadila ta duba, ta sake dubawa, ta tarar an rufe shafin da ake sauke ta. Ta ce a ƙasar mai manhajar aka yi doka: duk manhajar da ɓarayin intanet suka bi ta cikinta suka cuci wani, wanda ya rubuta ta za a kama. Shi kuwa ba shi da kamfani, ba shi da lauya, sai ya janye abinsa.

"Wato mutum ya haƙa rijiya don Allah," in ji Malam, "duk akuyar da ta faɗa, a ce laifinsa ne?"

Fadila ta ce masu dokar ma da gaskiyarsu, ɓarayin sun addabi jama'a, sai dai ba su raba ɗan kasuwa da mai sadaka ba. Ta gwada kwafin da ke wayar mahaifinta, sabuwar waya ta ƙi shi. Ashe muryar da ke wayar Malam ma iyakarta ran tsohuwar wayarsa.

Malam ya yi hamdala da abin da ya samu, ya ce a ɗinka wa wayar jaka mai auduga. Kalilu ya yi dariya, ya ce an mai da ita jaririya. Ana cikin haka wayar Kalilu ta yi ƙarar shigowar saƙo. Ya san daga asibiti ne, sakamakon gwajin da ko matarsa bai gaya wa ba. Ya daɗe yana juya wayar a hannu, sannan ya miƙa ta wajen da ya ji numfashin Fadila.

"Karanta mini, 'yata," ya ce. "Amma a hankali."