Bahaguwar Ɗakin Wanki

…kuma ita ce fa ta kai ta. Ita da ƙafarta. Ta riƙo hannun Auta har cikin ɗakin wankin asibitin nan, baki har kunne, ga 'yata mai neman digiri na biyu, bincike take yi, ku saki jiki da ita. Suka saki jiki. Don wa? Don idon uwar.

Inji na juyi, tururi na cin ido, zannuwan gado sun taru. Gefen Yaya, abokiyar aikinta, babu kowa — tun safe aka kira ta ofis. Gwajin ido, wai. Tun Auta na goye suke ninki tare, ita ta kama wannan baki, Yaya ta kama wancan, ba a taɓa gwada idon kowa ba sai yau?

Karatun Auta ma ba ta taɓa gane kansa ba. Tarihi ne? A'a Umma. Likitanci? A'a, haɗe yake, tarihi da lafiya da yadda mata ke magana a wurin aiki. Ta ce to. Wadda ta tsaya a aji shida me za ta ce in ba to ba? Har alfahari take, 'yarta fanni ɗaya ya yi mata kaɗan…

Ranar hirar, wayar Auta a kan teburin guga tana ɗaukar murya. Yaya na murza bakin gyale. 'Yata, idon nan na dama ya daɗe da tafiya, da yatsa nake gane tabo, ki rufa min asiri, marayu ne a hannuna. Wallahi Gwaggo sunanki ba zai fito ba, in ji Auta.

Bai fito ba kuwa. Ba ta yi ƙarya ba, yarinyar.

Jiya shugaban sashen wanki ya tare ta a baranda, kundin binciken Auta a hammata, baƙin bango, rubutun ruwan zinari. 'Yarki ta yi ƙoƙari, Hajiya. Ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya fassara mata a hankali kamar mai ba yaro magani: wata ma'aikaciya bahaguwa da ke ɓoye makantar ido ɗaya. Bahaguwa! Su nawa ne a ɗakin? Bahaguwa nawa ce, in ba Yaya ba?

Ƙa'ida ce wai, wurin da ya ba ka izinin bincike sai ka kai masa kwafi. Rigar da Auta ta sa ta kai kundin ma — wa ya goge ta? Har da feshin turare.

Ta kira Auta a waya. Umma ai na sakaya suna, kwamiti ya amince, malamina ma ya ce babin nan ya fi kowanne kyau. Ya fi kyau… Idon Yaya ne ya fi kyau? Umma ba za ki gane ba. Haka ne. Ba za ta gane ba. Ranar da zazzaɓi ya kusa tafiya da ke, Auta, wa ya sungume ki da gudu zuwa ɗakin gaggawa, ba takalmi? Ba Yaya ba? Wannan a wane fanni yake?

Zanin gado ya zame mata, ya sha ƙasa. Sai an sake wankewa. Ƙirjinta… ko ta sha maganin hawan jinin da safe? Ba ta tuna ba.

Ƙofa. Yaya ce, tana kwance rigar aiki tun daga bakin ƙofa, tana laluben ƙusar ratayewa.

"Sun ce in je in huta." Ta kamo wuyan hannunta, ta rage murya. "Ƙanwata, wa ya kai ni? Ke da 'yarmu kaɗai kuka sani, ku kuwa jinina ne. Mai sharar nan nake zargi, Allah ya isa tsakanina da ita."

Ga mai sharar can a lungu, tana matse tsumma, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Hannun Yaya da ɗumi. Ita kuwa ta buɗe baki — sunan wa za ta bayar? 'Yar cikinta, ko mai sharar… Bakin a buɗe yake har yanzu, inji na ta juyi.