Ƙashin da Ba na Tsuntsu Ba

Da ƙafa ake neman ƙashin, ba da ido ba. Leburorin gonar rake sukan shiga wata fadama har iya ƙirji suna laluben laka, wanda ya taka abu mai tauri ya nutsa ya ciro. Ƙasusuwan wani ƙaton tsuntsu ne mara tashi, wanda ya ƙare a tsibirin Morishas tun kafin a kwaso leburorin daga Indiya. Wani Nasara ke zaɓen na tsuntsun ya zuba a akwatin da za a kai Turai. Sauran, na kunkuru da na barewa, a daka a yi wa rake taki.

"Tsuntsun da bai taɓa tashi ba ma zai bar tsibirin nan a jirgi," in ji tsoho Dukhi, "mu masu ƙafa muna nan."

Sital bai yi dariya ba. Abin da ya ciro ƙashin hannu ne, da awarwaron tagulla maƙale a jiki. Na yayansa Gokul ne, wanda Sardar Bisun, shugaban leburori, ya ce ya gudu bara bayan an yi masa bulala. A addininsu, gawar da ba a ƙona ba, mai ita ba ya samun hutu. Sital ya cusa ƙashin a ƙugu, yana tunanin inda zai samo itace.

A bakin ruwa Sardar ya tare shi, don kullum sai ya caje su. Ya zaro ƙashin, ya daɗe yana kallon awarwaron, sannan ya zare shi ya jefa a aljihu.

"Na barewa ne."

"Sardar, ka san ko na wane ne. Ka bar ni in sa masa wuta."

Sardar ya wurga ƙashin kan tulin taki. A hankali ya tuna masa cewa matar Gokul da 'ya'yanta a ɗakin mai gona suke kwana, kuma ɗaki ba ya wuyar karɓewa. Ya ce ya koma inda ya samo, ya kwaso duk abin da ya rage a daka.

Sital ya koma. Ƙafarsa ta taɓa haƙarƙari, ta taɓa ƙoƙon kai. Ya ɗora dugadugi a kai ya danna, ya yi ta dannawa har laka ta haɗiye.

Dukhi ya tambaye shi ko ya taka wani abu.

"Babu komai a nan, Baba. Mu matsa gaba."